Ƙuri'ar Maijirgi: shaida ce ko biyan bashi?

Cikin mako goma, sau uku aka kira mutanen Maijirgi, garin da ke kan babbar hanyar Tasawa zuwa Damagaram, su fito rumfar zaɓe. Ranar 13 ga Disamba 2020 aka zaɓi kansiloli, ranar 27 ga wata aka yi na shugaban ƙasa da 'yan majalisa, sai 21 ga Fabrairu 2021 aka raba gardama tsakanin Mohamed Bazoum na PNDS-Tarayya da Mahamane Ousmane na RDR-Canji. Duk lokacin da irin wannan ta taso, tambaya ɗaya ke yawo a zaure da bakin masallaci: wanda ya ƙi fita, ya ɗauki zunubi?

Malamai da dama na cewa ya ɗauka. Hujjarsu ita ce ƙuri'a shaida ce, mutum na shaidar cewa wane ya cancanci riƙon amanar jama'a, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida. Wannan fahimta ta daɗe da tsallako iyaka. Tun a shekarun 1980 Shehu Abubakar Gumi ya riƙa matsa wa Musulmin arewacin Najeriya su yi rajista, har da matan kulle, kuma abin da aka faɗa a Kaduna ba ya daɗewa bai iso Maraɗi ba. Akwai kuma 'yan tsiraru masu ganin zaɓen kansa tsarin Nasara ne. Mafi yawan talakawa dai ba nan suke ba, ba can ba. Nasu zancen shi ne mulki na Allah ne, wanda Ya ga dama Yake ba, to wahalar layi ta mece ce?

Amsar wannan ba ta da wuya, domin manomin da ya yarda Allah ke ba da ruwa bai taɓa fasa shuka gero ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin shaida. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantun zaure daga Tasawa har Mayahi, ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita, kuma ba a shaida kan abin da ba a sani ba. To, matar da aka miƙa wa turmin atamfa da sabulu ana gobe zaɓe, ko magidancin da aka danƙa wa jikka biyu, me za a kira ƙuri'arsu? Ga kuma gidan da maigida zai ce "mu 'yan jam'iyyar Nasara ne tun zamanin Shugaba Tandja", ko "mu na jam'iyyar Rahama ne tun 1993", matansa da 'ya'yansa su bi ba tare da sun ji ko sunan ɗan takarar kansila ba. A ƙauyuka da yawa jam'iyya gado ce, kuma sau da dama tsohuwar rigimar sarautar gari ce ta sake riga: in gidan maigari ya shiga wannan, gidan da ya nemi sarauta ya rasa sai ya shiga waccan. Rumfa za ta cika maƙil, a yi ta murnar an fito, alhali mutum ɗaya ne ya yi magana da yatsu ashirin.

Shi kuwa wanda bai fito ba, ba kullum ne ya ɓoye komai ba. Zaɓukan nan sun faɗo ne bayan kaka, lokacin da samari suka watse ci-rani Kano, Legas, Agadas ko Libiya, katinsu na gida su suna wata duniya. Wasu kuma ba su da takardar haihuwa balle katin ɗan ƙasa. Shi ya sa a 2016 aka amince mutum biyu su shaidi mai zaɓen da ba shi da takarda, abin da 'yan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce. Ɗora wa ɗan ci-rani zunubi a bar mai rabon atamfa, wannan karatu ne da sauran gyara.

Yanzu ma tambayar ta sake kama. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a watan Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi wa'adin shekara biyar. Jam'iyyun Tarayya, Nasara da Gaskiya duk sun kau daga takarda, ko da yake kowa a gari ya san gidan da ke na wa. Malaman da suka ce ƙuri'a shaida ce ta wajibi, su ne ya kamata a ji daga bakinsu: in an rufe rumfa, a gaban wa ɗan Maijirgi zai faɗi abin da ya gani game da harajin kasuwa, rijiyar da ta lalace da kuɗin ɗakin shan magani? Kantoma dai Yamai ce ta naɗa shi, kuma can yake kai rahotonsa.