Kashi Nawa Cikin Ɗarin Wa?

Duk shekara idan sakamakon BEPC ya fito, mata na guɗa a gidajen waɗanda suka ci, shugabannin makarantu kuma na lissafin kashi nawa cikin ɗari suka samu. Ni ma na sha taya murna. Amma akwai tambayar da ta ƙi barina: cikin ɗarin wa?

Kolej a Nijar shekara huɗu ce, daga ajin siziyam zuwa turwaziyam. A ce yara tamanin suka shiga siziyam, ashirin suka kai ajin ƙarshe, goma sha shida suka ci. Takarda za ta ce kashi 80 cikin ɗari, kuma ba ta yi ƙarya ba. Sai dai yara sittin sun zube a hanya, babu layin da aka ware masu a takardar.

Mun san inda suke zubewa. Yaro ya baro ƙauyensu, an damƙa shi ga wani mai masauki a gari, ya yi ɗiban ruwa da aike kafin ya tafi aji, sau da yawa ciki wayam. Jiya malami ɗaya ya sani, yau malamai bakwai ko takwas ke shiga suna fita, kowa na zuba Faransanci, harshen da yaron ke iya kwafa daga allo amma bai iya tunani da shi ba tukuna. Idan ajin na zana ne, sai an jira girbi kafin a kafa shi, shekarar karatu ta gutsure tun ba a fara ba. Ƙarshen shekara a auna shi da goma bisa ashirin. Bai kai ba, ya maimaita. Bai kai ba kuma, a kore shi.

Wani zai ce dole a tankaɗe, domin ba kowa zai zama likita ba, kuma tausayi ba ya gyara rubutun da ba ya karantuwa. Na yarda da rabin maganar. Ba na son a ba yaro takardar da bai cancanta ba, wannan ma zalunci ne, kansa da kan waɗanda zai yi wa aiki gobe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira tankaɗe da sunan koyarwa. Asibitin da ke sallamar duk wanda ciwonsa ya tsananta, sannan ya yi alfahari da cewa ba a mutuwa a gadajensa, wa zai yaba masa? Idan yaro ya faɗi, mutum biyu ne suka zauna jarrabawar, shi da makarantar. Shi kaɗai ake hukuntawa.

Gyaran farko bai ma buƙatar kuɗi: a fara ƙirga daga ranar shiga siziyam. Da zarar an yi haka, lissafin shugaban makaranta zai juya. Zai ga dalilin kai gogaggen malami ajin farko, maimakon a tara su duka a ajin jarrabawa a bar sababbin ƴan kwantaragi da ƙananan. Zai ware watannin farko don a tabbatar kowane yaro na karanta shafi ya gane. Zai daina harar malamin da ya tsaya ya warware darasin lissafi da Hausa ko Zabarmanci, tun ma ba yanzu ba da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Akwai wanda muka zauna benci ɗaya da shi, aka kore shi a aji na biyu. Yau gyaran babura yake yi a Maradi, yana riƙe da bashin mutane da farashin kaya a ka, ba littafi. Ranar da na kai masa babur ɗina, ya gabatar da ni ga yaran shagonsa, ya ce, “Ga wanda ke da kan boko, ni Allah bai ba ni ba.” Ya faɗe ta ba ɓacin rai, kamar mai faɗin ranar haihuwarsa. Na buɗe baki in musa, ya riga ya sunkuya kan injin.