Wa Za A Tuhuma?

Tun 1907 da Baden-Powell ya kafa zangon farko a tsibirin Brownsea na Ingila, har sikawut ya iso Nijeriya a 1915, 'yan sa-kai ne ke riƙe da aikin. To, mai karatu, a ce wani uba a Achika ya danƙa ɗansa ga jagoran da ba a biyansa ko sisi, suka kwana a bakin kogin Wudil, yaro ya dawo da karaya. Wasu za su ce aikin kyauta ba ya jawo tuhuma. Ban yarda ba. Wanda ya karɓi amana ya ɗauke ta, da albashi ko babu. Amma uban da bai taɓa leƙa filin fareti ba, ko sunan jagoran bai sani ba, da wane baki zai kai ƙara gaban dagaci?