Hadda ko Fahimta: Amanar Mai Koyon Tuƙin Jirgi

Mai koyon tuƙin jirgin sama, ko a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964 ko a wani wuri, yakan tarar da manhajoji iri biyu: masu haddatar da amsoshin jarrabawa, da masu koyar da dalilin da ya sa fiffike ke ɗaukar jirgi. A ganina zaɓin nan batun amana ne, domin rayukan bayin Allah za a damƙa masa. A 2009 jirgin Air France da ya taso daga Rio ya faɗa Tekun Atilantika da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe na'urar auna gudu, matuƙi kuma ya yi ta ɗaga hancin jirgin har iska ta daina tallafe shi. Fahimta ce ta yi ƙaranci a daren.

Wani zai ce ai hadda gadonmu ce, da ita aka tsare Alƙur'ani. Gaskiya ne, matuƙi ma dole ya haddace matakan gaggawa. Amma malamanmu ba sa barin mahaddaci ya ba da fatawa sai ya karanci fiƙihu. Ɗalibi, ka zaɓi manhajar da za ta riƙa tambayarka dalili, ko da ta fi wuya.