Launin Ba Na Man Ba Ne

'Yan'uwa, kun san hotunan nan na ɗigon mai a kan ruwa da ake ɗauka a gida? Ana zuba ruwa a kwanon gilashi, a ɗiga man gyaɗa, a ɗaga kwanon sama kaɗan, a shimfiɗa atamfa a ƙarƙashi, sannan a matso da kyamara dab da ruwan. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, kuma bai kai shi nauyi ba, sai ya taso ya yi ƙwallaye, ga ja, ga shuɗi, gwanin sha'awa. Amma fa launin na atamfar ne. Zare ta, ka ga man gyaɗa kawai.

Ni dai a ganina haka muke. Ilimi, dukiya, kyan fuska, duk aro ne daga Allah. Ƙaruna ya jingina dukiyarsa ga iliminsa, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

To kai da ake ta yabo a Facebook, in Mai atamfar Ya karɓi abinSa, me zai rage maka? Yau ka gode maSa kuwa?

Allah Ya raba mu da girman kai, Ya sa mu cika da imani.