Ɓoye Sharri Cin Amana Ne: Majigin Yaran Carnobil

Makarancin wannan fili zai so ya san labarin wani majigi mai suna Chernobyl Heart, watau Zuciyar Carnobil. Wata Ba'amurkiya, Maryann DeLeo, ita ta shirya shi a 2003, ya kuwa ci lambar Oscar a 2004. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Asibitoci ne da gidajen rainon yara na ƙasar Belarus aka shiga aka ɗauko, tare da Adi Roche, 'yar ƙasar Ailan mai ƙungiyar agaza wa waɗannan yara.

Asalin maganar kuwa, ran 26 ga Afrilu 1986 da tsakar dare, tukunya ta huɗu ta tashar lantarkin nukiliya da ke Carnobil, a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyat, ta fashe ana cikin wani gwaji. Iska ta kwashi gubar ta yi arewa da ita, ta zuba mai yawa a Belarus. Mutanen garin Firifiyat, kusan 49,000, ba a kwashe su ba sai washegari da rana, aka ce musu kwana uku kawai za su yi. Har yau garin kango ne. Duniya ma ba daga bakin hukuma ta fara ji ba, sai da na'urorin wata tashar nukiliya a Siwidin suka nuna gubar ran 28 ga wata, sa'an nan Mosko ta yi 'yar gajeriyar sanarwa. Aka kuma bar jama'a, har da yara, suka fito bikin 1 ga Mayu a titunan Kiyef.

To, a nan ne Musulmi ya kamata ya tsaya ya yi nazari. Cikin gubar akwai wani nau'in aidin, wanda ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, ya shiga madara, yara suka sha. Shi kuwa aidin a tsokar nan ta gaban wuya yake taruwa, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙidaya fiye da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar wannan tsoka zuwa 2005, dukansu suna yara ko matasa lokacin haɗarin. Su ne majigin ya nuna da tabon fiɗa a wuya. Ƙasar Folan, da ta ji labari, cikin 'yan kwanaki ta raba wa miliyoyin yara ruwan aidin na kariya. Da an gaya wa iyaye a ƙauyukan Belarus su hana yara madarar nan, da an rage ɓarna ƙwarai.

Wani zai ce ƙaddara ce. Lalle babu abin da ke faruwa ba da sanin Allah ba, amma ƙaddara ba mafaka ba ce ga mai sakaci. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta faɗa Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka tuhume shi da gudun ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Aya ta 41 ta Suratur Rum kuwa ta jingina ɓarnar tudu da teku ga aikin hannun mutane. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. In ɓoye laimar hatsi ya kai ga haka, ina ga ɓoye guba a madarar jarirai?

Amma fa akwai wani wuri da majigin ya wuce gona da iri, adalci kuma ya wajaba a faɗa. Ya nuna yara masu nakasa iri iri, da masu hujin zuciya waɗanda likitan Amurka William Novick yake yi wa aiki, ya bar mai kallo da zaton duk gubar ce sanadi. Masana sun tabbatar da maganar sankarar wuya, amma ba su sami hujjar da ta ɗaure sauran nakasar ga haɗarin ba. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurci muminai da bin diddigin labari kafin aiki da shi, tausayi kuma ba ya ɗauke wannan umurni. Tsoron da ba shi da tushe shi ya sa mata da dama a ƙasashe irin su Girka suka zubar da ciki a 1986, alhali gubar da ta iso musu kaɗan ce.

Ko mene ne sanadin nakasarsu, yaran nan na gidajen raino suna kwance ne lokacin da aka ɗauki majigin, da yawansu iyaye sun sallama su ga hukuma tun suna jarirai. Haƙƙinsu na ci da sha da tufa da hannun da zai shafa kansu bai jira sai masana sun gama gardama ba. Masu jinyar da majigin ya nuna, 'yan kaɗan ne a kan yara masu yawa, su ke ɗaga su, su ba su abinci a baki. Allah Ya saka wa duk mai irin wannan aiki, Ya ba marasa lafiya sauƙi.