Ganye Ba 'Ya'ya

Karatu: Markus 11:12-14

A shekarar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin Volkswagen, kamfanin motoci na ƙasar Jamus. Kamfanin ya yi shekaru yana tallata motocinsa masu shan dizal, wai hayaƙinsu mai tsabta ne. Ashe an sa musu wata manhaja mai gane lokacin da ake gwada su. A ɗakin gwaji sai mota ta natsu, ta rage gubar hayaƙinta. Da ta hau titi kuwa, sai ta riƙa fitar da ita har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da bakinsa ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11.

To, me aka sace wa mai saye? Ai ya sami motarsa, tana tafiya lafiya lau. Niyyarsa aka sace. Ya zaɓi wannan mota ne don kada ya cuci iskar da maƙwabcinsa ke shaƙa, sai aka mai da shi mai cutarwa bai sani ba. Mai tauye mudu da rashin lurar mutum yake cin riba. Wannan kuwa da kirkin mutum ya ci tasa, shi ya sa nake ganin laifinsa ya fi muni. Wanda aka ruɗa haka kuma, gobe ko mai gaskiya ya zo da kayansa, da ƙyar zai yarda.

A 2024 Tarayyar Turai ta yi doka ta hana a rubuta wa kaya cewa ba sa cutar da muhalli sai da hujja. Ta yi daidai.

Ku tuna da itacen ɓauren nan. Yesu yana jin yunwa ya hangi ganyensa daga nesa, ganyen ne ya jawo shi, ya iso bai sami kome ba. Motar da ta san ranar gwaji ma, ba ta yi kama da wasunmu ranar Lahadi ba?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana sayar da zuma, ko kina haɗa sabulu, kun kuma rubuta a jikin kwalba ko leda cewa ba gauraye, ba sinadari, ku sake karanta rubutun nan yau kafin ku fita kasuwa.