Mafarki Zai Iya Zama Shaida?



A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Laifinsu: a 2023 sun kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil, wai mayya ce. Mafarin abin, matar ɗaya daga cikinsu ce ta yi mafarki tsohuwar na bin ta da wuƙa. Shi ke nan fa. An rasa rai, gidaje biyar kuma sun shiga uku.

Kada mu yi saurin cewa wannan sai 'yan ƙauye. Mu ma nan Tudun Wada da irin labaran muka tashi: ƙanƙarar maita, kama kurwa, a tilasta wa wadda ake zargi ta tsallake marar lafiya don ta sake shi. Yanzu kuma yaranmu na kallon irinsu a waya, daga finafinan Kannywood na bokaye da aljanu zuwa na Kudu, waɗanda tun Living in Bondage na 1992 suke cin kasuwa da tsafin kuɗi.

To amma a fim, kyamara ce ke bin mayya har ɗakinta cikin dare, mai kallo ya gani da idonsa. Mu wace kyamara gare mu? Abin da ke hannunmu bai wuce mafarki, da sambatun mai zazzaɓi, da faɗar boka ba. Yaro da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa kai zai kira sunan duk wanda yake tsoro. Farfaɗiya da sikila ma sun sha jawo wa bayin Allah wannan sharri.

Wani zai ce, "Malam, ai sihiri gaskiya ne." Ba mu musa ba, an ambace shi a Suratul Baƙara. Sai dai yarda da samuwar abu daban, sanin wanda ya aikata shi daban. Sata ma gaskiya ce, amma ba a kama ɓarawo da mafarki. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari, ta kuma gargaɗe mu game da yawan zato. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta mai da jifan mutum da maita laifi. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692 kan irin wannan shaida, daga baya mahukunta suka yi nadama, amma matattu ba su dawo ba.

Mu duba da kyau, wa ake nunawa da yatsa? Ba a cika nuna mai kuɗi ko mai dangi ba. Tsohuwa ce marar ɗa, ko bazawara, ko baƙo. Mu kuwa da muka baro garuruwanmu muka zauna a Minna tare da Gbagyi da Nufawa, ai mu ne baƙin. Ƙofar da muka buɗe wa zato yau, ta nan za a shigo mana gobe.

Saboda haka in ciwo ya zo, mu yi Falaƙi da Nasi, mu kai marar lafiya asibiti a auna jininsa. In suna ya fito daga bakinsa, ya tsaya a cikin ɗakin. In kuma muka ji an fara taruwa a ƙofar wata tsohuwa, mu kira mai unguwa da 'yan sanda, mu tsaya mata tamkar mu ta haifa.

Allah Ya tsare mu daga sharrin masu sharri, Ya kuma tsare bayinSa daga sharrin harsunanmu. Juma'a mai albarka.